Neman shawara: shiga duwatsun Azbin da Hilux, daga Agadas zuwa Timiya

Ɗan_Jibiya:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin arewacin Nijar ku taimaka min da shawara. Muna shirin zuwa Timiya daga Agadas bayan damina in sha Allahu, aminin mahaifina ne zai aurar da 'yarsa a can kuma ni zan ja motar. Hilux ce mai dizal, giyar hannu, tana da fowil, wato tana iya ja da tayoyi huɗu. Yashi kam na saba da shi amma dutse ban taɓa ba, kuma an ce min hanyar daga tsakuwa sai manyan duwatsu. To iskar taya zan rage kamar yadda muke yi a rairayi ko kuwa? sannan me da me ya kamata in ɗora a baya? Nagode.

Sarkin_Sitiyari:
Wslm. Rage kawai malam, ka mayar da ita 15 ko 16 a ma'aunin iskar taya (PSI), mota za ta kama ƙasa sosai kuma jijjiga ta ragu.

Ba_Agadashe:
A'a ɗan uwa Sarki, wannan lissahin rairayi ne, in ya yi haka da kaya a baya wallahi kahin ya kai Elmeki ya gama da tayoyinsa. Dutsen Azbin baƙi ne mai kaihi, in ka rage iska da yawa cikin taya yana buɗewa gehe, kuma nan ne wurin da ba shi da kauri, dutse ɗaya ya shahe shi ya tsage, tsagar gehe kuwa ba mai facin da zai gyara maka ita. Ka rage kaɗan dai, kamar 26 zuwa 28 in motar na da nauyi. Sai in kun sauka cikin kori, wato busasshen kwarin ruwa, mai yashi mai laushi ka ƙara ragewa, da kun hito ka tsaya ka mayar, shi ya sa famfon iska dole ne.

Tahiyar ta ɗan wuce kilomita 200 amma kar lambar ta ruɗe ka, wuni ake yi, ku hita da asuba. Akwai wuraren da mai tahiya a ƙasa ma zai wuce ka kuma ba abin kunya ba ne. In ka ga dutse ya taso tsakiyar hanya kar ka ce za ka bar shi ya bi ta ƙarƙashin mota, ɗora taya a kansa ka hau sannu ka sauka sannu, don abin da ya hi kusa da ƙasa a kat-kat (mota mai fowil) shi ne tulun aksil na baya, in ya daku ya tsage man ya zube to nan za ku kwana. Wurin da ba ka ganin gabanka saboda hancin mota ya ɗaga sama, sauke mutum ɗaya ya tsaya gaba yana nuna maka da hannu, mutum ɗaya fa, ba kowa na ihu ba. Kuma babban yatsanka kar ya shiga cikin sitiyari, in taya ta bugi dutse sitiyarin kan juya da ƙarhi, na ga wanda ya targaɗe a haka.

Amma hwa in kun isa za ka ce gara da ka zo, lambunan Timiya ga lemu ga rumman a tsakiyar duwatsu, ga wurin da ruwa ke zubowa daga dutse kahin shiga gari.

Oga_Bakanike:
Ba'agadashe ya gama magana, ni ta ɓangaren inji zan ƙara. Wajen hawa da gangara ka sa ta a 4L, wato fowil na tafiyar sannu mai ƙarfi, giya ɗaya ko biyu ka ɗauke ƙafarka daga kuloci gaba ɗaya, yawancin waɗanda ake jawo mana motarsu daga irin wannan hanya kuloci suka ƙona saboda suna rabin taka shi suna ba da wuta. A gangara ma bar inji ya riƙe motar, in ka kwanta a kan birki zai yi zafi ya daina kamawa. In motarka mai makulli ce a cibiyar tayoyin gaba ka tuna ka kulle su tun kafin ka shiga wurin, in kuma ka dawo kwalta ka cire fowil ɗin.

Kafin ka tashi a duba maka sifirin da shokab da duk notin ƙasa, gargada tana kwance noti ba ka sani ba. Kaya kuma: safaya biyu ba ɗaya ba, jak da katako mai faɗi da za ka ɗora shi a kai, shebur, igiyar ja, fambel, baƙin mai, dizal a jarka da ruwa mai yawa na ku da na lagireto. Ka ɗaure komai tamau, masu nauyi a ƙasa.

Hajiya_Tanut:
Ɗana duk wannan daidai ne amma kar ku tahi mota ɗaya, kuma ku ɗauki ɗan gari wanda ya san hanya, wurare da yawa babu rezo na waya. Ku tambayi hukuma a Agadas halin tsaro da maganar rakiya kahin ku hita. Kar ka kauce wa sawun motoci don neman yanke, an binne nakiyoyi a wasu sassan Azbin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009. Sannan kada ku kwana cikin kori ko da sama tana wasai, ruwa kan sauka can bisa duwatsu ya taho muku da dare. Allah ya kai ku lahiya, ya sa albarka a auren.

Ɗan_Jibiya:
Amin Hajiya, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Oga tayoyina na kwalta ne kuma sun ɗan ci, za su iya ko sai na canza?

Oga_Bakanike:
Canza su, nemi masu kaurin gefe waɗanda aka rubuta LT a jiki, ka duba shekarar da aka yi su ma kar a haɗa ka da tsofaffin ajiya. Biyu mafi kyau cikin naka na yanzu ka mayar da su safaya.