RabbitMQ a manhajar .NET: wa ya shawo kan katsewa bayan ɗauke wuta?

Mai tambaya, Kawo:
Assalamu alaikum. Manhajar karɓar kuɗin makaranta ce a ASP.NET Core, tana tura saƙo ta RabbitMQ.Client zuwa RabbitMQ, wato sabar da ke ajiye saƙonni a layi tana miƙa su ga mai karɓa. Saba a ofis take, kuma duk sanda aka ɗauke wuta aka koma janareto sai saƙonni su tsaya cak. A shafin gudanarwa na 15672 kuma adadin haɗi sai hauhawa yake. Wanda ya taɓa cin karo da haka ya taimaka.

Injiniya, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Malam, duba yadda ka yi wa IConnection, wato haɗin manhajar da RabbitMQ, rajista. Idan AddScoped ko AddTransient ka sa, kowace buƙata da ta shigo sabon layin TCP take buɗewa, a sake gaisawa da saba, a sake tantance kalmar sirri. Haɗi ɗaya ya wadatar, ka sa shi AddSingleton. Channel, wato ƙaramar hanyar da ake buɗewa a cikin haɗin, shi ne mai araha, amma kada ayyuka biyu da ke gudana lokaci guda su yi tarayya a guda wajen turawa, bayanan kan cakuɗe har saba ta yanke haɗin. Ka riƙa rufe wanda ka gama da shi, don iyakarsu 2047 ne a haɗi ɗaya.

Idan siga ta 7 ta RabbitMQ.Client ce, wadda ta fito a 2024, IModel ya koma IChannel, buɗewa kuma da CreateConnectionAsync ake yi. Ka yi ta cikin IHostedService, kada ka tilasta ta da .Result wurin rajista.

Hajiya, Barnawa:
Batun janareto: AutomaticRecoveryEnabled a kunne yake zuwa, yana sake gwadawa duk daƙiƙa 5. Sai dai haɗin da ya taɓa kafuwa kawai yake farfaɗowa. Bayan wuta ta dawo, manhaja kan riga RabbitMQ tashi, ta samu BrokerUnreachableException, shi ke nan ta kwanta. Haɗin farko kai za ka rubuta masa sake gwaji, kana ƙara tazara. Heartbeat kuma, wato siginar da ke duba ko haɗin yana raye, daƙiƙa 60 ne, idan intanet ɗinku na yawan yankewa ka rage zuwa 20 domin a gano mataccen layi da wuri.

Ɗan Tudun Wada:
Hajiya ta gama magana. Nawa ƙarin kan saituna ne. Asusun guest daga localhost kaɗai yake shiga, ƙirƙiri naka. A Docker Compose, localhost kwantenar kanta ce, sunan sabis ɗin za ka rubuta. Idan URI kake amfani da shi, vhost ɗin "/" %2F ne, alamar @ a kalmar sirri kuma %40. Tashar 5672 ce, 5671 idan da TLS. Kalmar sirri kada ta kwana a appsettings.json, sa ta a environment variable mai suna RabbitMQ__Password, da layin ƙasa biyu. Ka haɗa da ValidateOnStart, saitin da ya ɓace ya tona kansa tun wajen tashi.

Injiniya, Unguwar Rimi:
Saura mai karɓar saƙonnin. BackgroundService singleton ne, ba zai karɓi DbContext kai tsaye ba. Ɗauko IServiceScopeFactory ka buɗe scope ga kowane saƙo. Kuma queue ɗin, wato layin da saƙonni ke jira, ya zama durable, saƙonni persistent, domin a ajiye su a faifai, in ba haka ba suna tafiya da wutar.

Mai tambaya, Kawo:
AddScoped ne kuwa a Program.cs. Amma da na mayar da queue ɗin durable sai PRECONDITION_FAILED.

Hajiya, Barnawa:
Tsohon yana nan da saitinsa na da, ba ya canzuwa. Bari ya kwashe saƙonninsa, ka goge shi ka ayyana sabo.