Ɗalibaina sun gaji da share titi: ta yaya zan sa su shiga harkokin unguwarsu da gaske?

Malamar Sakandare ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa a babbar sakandare, kuma shekara uku ke nan ina fita da ɗalibaina aikin sa kai sau ɗaya a kowane zango. Mukan share titin gaban makaranta, mu yashe magudanar ruwa, mu ɗauki hoto, mu koma aji. A fitarmu ta ƙarshe wata ɗaliba ta jingina shebur ɗinta da bango ta ce mini: "Malama, ba wannan kwatar muka yashe a zangon da ya wuce ba? To wane ne ke da alhakin kwashe sharar idan mun tafi?" Ban ba ta amsar da ta gamsar da ni kaina ba. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan fage: me ya kamata ya biyo bayan tsintsiya da shebur?

Tsohon Shugaban Ɗalibai ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. A ganina yarinyar nan ta riga ta ba ki darasin zango mai zuwa, domin tambayarta ita ce ta raba hidima da shiga harkokin jama'a. Mai hidima yana kwashe sharar ne, shi kuwa ɗan ƙasa yana neman sanin wanda aka ɗora wa aikin, da kuɗin da aka ware masa, da dalilin da ya sa ba a yi ba.

Ki bar su su bi sawun tambayar da kansu. Su gano sashen ƙaramar hukuma da ke kula da tsabtar muhalli, sannan su ɗauki wata guda suna rubuta ranakun da kwatar ta toshe, tare da hoto mai kwanan wata. Bayan haka su rubuta takardar shafi ɗaya mai buƙata guda ɗaya tak, su kai kwafi biyu, a buga musu hatimi a kan ɗaya su dawo da shi. Abin da yawanci ake sakaci da shi shi ne komawa: bayan mako biyu su koma, da ladabi, su tambayi inda aka kwana. Mu a lokacinmu sai a zuwa na huɗu wani jami'i ya ɗago kai ya dube mu.

Kuma wannan ba rashin kunya ba ne. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 1989, ya ba yaro haƙƙin faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin muhimmanci gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Masani Roger Hart, a wani nazari da UNICEF ta wallafa a 1992, ya kwatanta shigar yara cikin harkokin jama'a da tsani mai matakai 8, ya ce uku na ƙasa ba shiga ba ne sam: juya yara yadda ake so, mayar da su ado a wajen taro, da saka su don ganin ido. Ki gafarce ni, amma hoton da ake ɗauka a bakin kwata ya fi kusa da mataki na biyu.

Uban 'Ya'ya Uku ya amsa:

Malama, ni fargabata ita ce kada 'yan siyasa su mayar da yaran nan 'yan rakiya, domin da zarar sun fara shiga ofisoshi za a sami mai son raba musu riga mai tambarin jam'iyya. Ki sanar da iyaye a rubuce, kuma kada yaro ya je ko'ina ba tare da malami ba. Na fi natsuwa da tsarin da aka ƙayyade: a lardin Ontario na Kanada, tun 1999 ɗalibi ba ya samun takardar kammala sakandare sai ya yi awa 40 na hidimar al'umma, a jihar Maryland ta Amurka kuma awa 75 ne. Ta haka kowa ya san iyakarsa.

Mai Horar da Matasa ta amsa:

Na yarda da Baba a kan batun jam'iyya, amma ƙidayar awoyi tana da nata aibin, domin na sha ganin ɗalibin da burinsa kawai ya sami wanda zai sa masa hannu a takarda. Abin da ke riƙe matashi shi ne ya ga shawararsa ta sauya wani abu. Birnin Boston ya gwada haka a 2014, inda ya ware dala miliyan 1 ya bar matasa su kawo ayyuka su kuma kaɗa ƙuri'a a kansu, dabarar da ta samo asali daga birnin Porto Alegre na Brazil a 1989. Ba sai an sami miliyan ba. Idan shugaban makaranta zai ware ɗan wani kaso daga kuɗin gyare-gyare, ɗalibai su yi muhawara tsakanin famfo da fitilar ƙofa, su zaɓa, sannan su binciki rasit, to sun ɗanɗana kasafi da zaɓe da bin diddigi a zango guda. Sharaɗin kawai shi ne kada manya su soke abin da aka zaɓa don bai yi musu daɗi ba.

Malamar Sakandare ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Zan fara da littafin rubuta ranakun toshewar kwatar, kuma ɗalibar da ta yi tambayar ce za ta riƙe shi. Takardar iyaye ma zan shirya ta a makon nan. Saura abu guda, ɗan'uwa Tsohon Shugaba: idan aka ƙi buga musu hatimin, wa ya kamata su nufa daga nan, kansila ko shugaban sashen?