Ni AS, ita ma AS, kuma an riga an sa rana

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An sa mana rana bayan babbar sallah da 'yar ƙanwar mahaifiyata, lefe ma an kai. Ni na daɗe da sanin jinotaif ɗina AS ne, wato ina ɗauke da gadon cutar sikila. Ita takardarta ta shiga makaranta AA ta nuna. Da muka je gwajin da dokar Kano ta 2024 ta wajabta kafin ɗaurin aure, sai ga AS. Wace takardar za mu kama? In kuma AS ɗin ce, akwai wanda ya taɓa yin dashen ƙwai irin wanda ake gwada ɗan tayi kafin a sa shi a mahaifa? Don Allah ban da wa'azin rabuwa, na ƙoshi da shi a gida.

Ummu Sultan: Ku rabu kawai. Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Sarkin Zolaya: Sanarwa ga iyayen 'yan mata: ni AA ne, takarduna biyu. Ba mota, ba gida, amma jinin nan tas yake.

Anti Nas: Ɗan Fagge, kar ku kama ko ɗaya tukuna. Ku sake yi a babban asibiti, ku ce gwajin jinin da ake kira HPLC kuke so, ya fi na ƙananan ɗakunan gwaji tantancewa. A tambaye ta kuma ko an yi mata ƙarin jini a 'yan watannin nan, don yana rikita sakamako. In ta tabbata AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na fitowa SS (mai sikila), 50 AS, 25 AA. Kowane ciki nasa lissafin daban, ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba.

Baban Khalifa: Ni da maiɗakina duk AS ne, 'ya'ya biyar, babu mai sikila ko ɗaya. Ka yi istihara ka yi aurenka. Kakanninmu wane gwaji suka yi?

Hajiya Babba: Kakannin namu 'ya'ya nawa suka binne suna cewa wabi ne? Ka gode wa Allah, amma kar ka mai da sa'arka fatawa.

Maman Abba: Na so in yi shiru, na kasa. Irin maganar Baban Khalifa aka yi mana muka yi aure. Abba bai kai shekara ba hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ƙara. Muka yi ta shafa mai, muna cewa sanyi ne. Tun daga nan hunturu ya zama abin tsoro a gidana. Mutane na murnar sanyi ya shigo, ni ina haɗa jakar asibiti in ajiye bakin ƙofa: bargo, filas, katinsa. Idan ciwon ya tashi yakan ce, “Umma ki danne min ƙafar da ƙarfi,” in danne har hannuna ya mutu, bai ji sauƙi ba. Tsakar dare nake bin 'yan'uwa a waya ina roƙon leda ɗaya ta jini. Ɗankunnena na zinare da keken ɗinkina duk can suka tafi. Yana shekara 14 Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya fi ci min rai, dangin mijina suka ce daga jinina ne, alhali rabi nawa rabi nasa. Shi ya ƙaro aure, ya zaɓo AA, ni aka bar ni da ƙanwar Abba, ita ma SS. Ɗana, ka tambayi yarinyar nan ita kaɗai, ba a gaban iyaye ba. Ita za ta kwana a ƙasan gadon asibiti.

Ummu Sultan: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne.

Baban Khalifa: Allah ya jiƙansa Hajiya. Amma kwana ne ya ƙare, masu AA ma suna mutuwa.

Malam Ƙarami: Haka ne, sai dai Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Gwaji ba ja da ƙaddara ba ne. Batun zaɓen ɗan tayi kuwa, a kai shi gaban malamin da ya san fiƙihun likitanci, ba a nan za a yanke ba.

Jarumar SS: Ina karantawa, kuna maganarmu kamar gawarwaki. Shekarata 31, na gama jami'a, ina aiki. Ina shan hydroxyurea da folik asid, ina shan ruwa sosai, ina kwana a gidan sauro, ciwon ya ragu ƙwarai. Ban taɓa cewa da ma ba a haife ni ba. Amma iyayena ba su sani ba ne. Wanda ya sani kuma ya shiga, wata rana ɗansa zai tambaye shi.

Ɗan Birmingham: Ai an samu magani. Casgevy sunansa, Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mutum, a gyara su da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, a mayar masa.

Anti Nas: Faɗa masa kuɗin mana. Dala miliyan 2.2 a Amurka. Sai an ba mutum maganin da ke ƙone ɓargonsa kafin a mayar, wanda kan iya hana haihuwa. Kuma jininsa aka gyara, ba abin da zai gadar ba, 'ya'yansa za su ɗauki S ɗin. Dashen ɓargo ma da aka fara a asibitin koyarwa na jami'ar Benin a jihar Edo tun 2011, galibi sai an dace da ɗan'uwan da ɓargonsu ya zo ɗaya.

Sarkin Zolaya: Dala miliyan biyu? A ba ni rubu'i in auri dangin gaba ɗaya.

Ɗan Fagge: Na gode Anti. HPLC ɗin nawa ne? Dashen ƙwan fa?

Ummu Sultan: Ni dubu biyu na yi jinotaif a unguwarmu.

Ɗan Kurna: Dubu biyu a ina? Sha biyar aka caje ni.

Anti Nas: Ba iri ɗaya kuka yi ba.

Hajiya Babba: Dashen ƙwai maƙwabciyata ta yi a Abuja, ta ce miliyan biyar, kuma bai kama ba.

Ɗan Birmingham: Wannan ba tare da gwajin ɗan tayin ba ne. Abokina ya kashe ninkin haka.

Ɗan Kurna: Ni irin gwajin arahan nan ne ya kashe min aure. Wani ɗakin gwaji ya ba ta AS, muka fasa, ta auri wani. Da ta je awon ciki aka ce AA ce. Har yau ba wanda ya ba ni haƙuri. Akwai ma inda ko allura ba za a soka maka ba, ka miƙa kuɗi a buga maka AA da hatimi.

Maman Abba: Dokar ta tilasta mana gwaji, su masu gwajin wa ke gwada su?

Baban Khalifa: Kun gani? Takardar da kuke kashe aure a kanta ke nan.

Jarumar SS: A'a Baba, don wani lab ya yi ƙarya ba shi ne ya mai da S ƙarya ba.

Ummu Sultan: Ɗan Kurna, da aka fasa sun dawo maka da lefe? Ƙanina har yau akwatuna biyu aka maido cikin shida, wai ba laifinsu ba ne.

Malam Ƙarami: Wannan mas'ala ce daban, ya danganta da wanda ya janye.

Ɗan Kurna: To wa ya janye, Malam? Ni, ko ita, ko mai lab?

Ɗan Fagge: Jama'a, har yanzu ban ji daga wanda ya yi dashen da kansa ba.

Ummu Sultan: Atamfofin ma sun ɗinke rabi kafin su maido.