Shawarwari ga kamfanin injiniyan jiragen ruwa da ke son samar wa garin bakin teku ruwan sha

Da aka nemi shawara kan yadda kamfanin zai yi wannan aiki, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a auna gishirin ruwan ƙasa kafin a haƙa rijiya. A bakin teku, ruwan daɗi a saman na gishiri yake kwance. In famfo ya ja fiye da kima, sai na gishirin ya hauro ya ɓata rijiyar. A lissafa aƙalla lita 20 ga mutum kullum, masai kuma ya yi nisan mita 30 daga rijiyar.

Injin cire gishiri kuwa, kilorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, na cinye matatarsa, don haka sai an gama tacewa a zuba. A koya wa ɗaliban makarantar fasaha canza matata, kayan gyara su zauna a garin.