Tarin yara ya ƙi ƙarewa: ko bututun iskar gidanmu ne sanadi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune da iyalina a Houston, jihar Texas, a gidan haya irin wanda na'ura ɗaya take tura iskar sanyi ko ta ɗumi zuwa kowane ɗaki ta bututun da ke cikin silin. Tun da muka tare ɗana mai shekara 6 yake tari da dare, wani lokaci har numfashinsa yana fito, ƙanwarsa kuma ba ta rabuwa da atishawa. Na ga baƙi-baƙi a bakin ragar da iska take fitowa, kuma da zarar an kunna na'urar sai a ji wari irin na tufafin da aka ninke ba su gama bushewa ba. Wani kamfani ya ce zai share bututun duka a kan dala 500. In biya, ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa?

Wani mai gyaran na'urorin sanyaya ɗaki: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi saurin fitar da kuɗin. Ki fara zaro filtar da ke bakin na'urar ki ɗaga ta a haske. Idan haske bai ratsa ta ba, ta toshe. Ana canza ta duk wata ɗaya zuwa uku, kuma mai lamba MERV (ma'aunin ƙarfin tace ƙura) 8 zuwa 11 ta isa yawancin gidaje, domin wadda ta fi haka ƙarfi takan shaƙe tsohuwar na'ura. Warin da kika ambata ya fi damuna, saboda alamar danshi ce. Na'urar tana tatso ruwa daga iska, ya taru a wani faranti ya fita ta siririn bututu, to idan bututun nan ya toshe sai ruwa ya kwanta, fumfuna ta tsiro, fanka kuma ta raba ta ɗaki-ɗaki. A gari mai laima irin Houston wannan ba baƙon abu ba ne. Idan aka share bututun iska aka bar ruwan, an yi aikin baban giwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ba ta ce a riƙa share bututun a kai a kai ba, sai idan an ga fumfuna ƙuru-ƙuru, ko ɓeraye da kyankyasai sun shiga, ko ƙura tana fesowa cikin ɗaki. Tunda haya kike, ki rubuta wa mai gidan tare da hotuna, domin gyaran na'urar yawanci a wuyansa yake.

Wata ma'aikaciyar jinya: 'Yar'uwa, Allah ya ba yaran lafiya. Tarin dare tare da fiton numfashi a yaro alama ce da likita yake binciken asma a kanta, saboda haka ki kai shi asibiti a makon nan, kada ki jira sai an gama da mai gida. Idan kika ga haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya kasa kai ƙarshen magana, ko leɓɓansa sun canja launi, ki kira lambar gaggawa ta 911 nan take. Ki kuma sayi ƙaramin ma'aunin laima, ki yi ƙoƙari ta tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari.

Wata uwa da ta daɗe a Amurka: 'Yata, akwai tambayar da ba a yi miki ba: kina turaren wuta? A can ƙasarmu tsakar gida a buɗe take, hayaƙi yana samun hanyar fita, amma a nan tagogi a rufe suke, na'urar kuma iskar cikin gidan take zuƙa ta maido, har ɗakin da yaran suke kwana. Wannan baƙin da kika gani a raga yana iya zama na hayaƙi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, ina yin turaren safe da yamma, zan kuwa dakatar da shi in ga ko tarin zai lafa. Na zaro filtar yanzu, ta yi baƙi ƙirin. Gobe da safe za mu ga likitan yara, in sha Allahu.