Tambaya kan Neil Shubin: mai haƙar duwatsu ne ko mai nazarin ɗan tayi?

ɗalibar_bayoloji:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da wani abu da ya ɗaure min kai. An ba mu aiki mu rubuta tarihin masani ɗaya a fannin da ke haɗa yadda ɗan tayi ke girma da yadda halittu ke sauyawa tsawon zamani, sai na ɗauki Neil Shubin saboda hoton burbushin daɗaɗɗen kifin nan Tiktaalik da na gani. To amma duk inda na duba sai in gan shi cikin ƙanƙara da guduma a hannu yana fasa dutse. Ina ruwan mai tono burbushin ƙashi da ɗan tayi kuma? Ko dai mutumin da na zaɓa bai dace ba ne in canza tun da wuri?

Malam_Hox:
Wa alaikumus salam. Kar ki canza ƙanwata, ai kin zaɓi wanda ya fi dacewa ma. Shubin an haife shi a 1960 a Filadelfiya ta Amurka, ya yi digirin farko a Jami'ar Columbia, ya gama digirin dakta a Harvard a 1987, kuma tun yana ɗalibi hankalinsa na kan abu ɗaya: hannu da ƙafa, daga ina suka samo wannan tsari nasu. Ki duba hannunki yanzu, ƙashi ɗaya a dantse, biyu daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, sai 'yan ƙanana a wuyan hannu, sai yatsu. Haka yake a fiffiken jemage, haka a ƙafar kwaɗo, haka a hannun kifin whale duk da kamanninsu sun sha bamban. A 1986 shi da Pere Alberch suka fitar da rubutu kan yadda guringuntsi ke tsirowa yana rassa a hannun ɗan tayi, kin ga tun kafin ya taka ƙanƙara yana cikin harkar tayi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka samo kifin, don ba tuntuɓe suka yi da shi ba wallahi, lissafi suka yi. Sun san a duwatsun da suka kai wajen shekara miliyan 385 kifaye ake gani, a na wajen miliyan 365 kuma an fara ganin masu ƙafa huɗu, sai suka ce to a nemo dutse mai shekaru tsakanin nan, wanda asalinsa lakar rafi ce, kuma yana fili ba ciyawa ba gini a kansa. A taswirar wani littafin koyar da ilimin duwatsu suka hango arewacin Kanada. Suka fara zuwa a 1999, kuma wurin 'yan makonni kawai ake iya aiki a shekara lokacin da rana ba ta faɗuwa, jirgi mai saukar ungulu ya ajiye su ya tafi, suna kwana a tanti da bindiga a kusa saboda farin beyar, su je su dawo ba abin da suke nema, kuɗin bincike na ƙarewa, sai a 2004 a tsibirin Ellesmere suka ga hancin abin ya leƙo daga jikin dutse. Shekarunsa wajen miliyan 375. Yana da ɓawo irin na kifi da fiffike, amma kansa a baje kamar na kada, yana da wuya wanda kifi ba shi da shi, ga manyan haƙarƙari, kuma cikin fiffiken ga ƙashi ɗaya, ga biyu, ga ƙananan. Mujallar Nature ta buga a 2006.

mai_lab_22:
Malam ya kawo na dutse, bari in ƙara na ɗakin gwaji don nan ne ainihin amsar tambayarki. Dutse zai nuna miki siffa ta canza amma ba zai faɗa miki me ya canza a ciki ba, wannan sai a wurin tayi. Akwai ƙwayoyin gado da ake kira Hox, su ke gaya wa sassan tayi nan kai ne nan wutsiya, kuma a ɓera idan aka kashe Hoxa13 da Hoxd13 yatsu ba sa fitowa. A 2016 ɗakin gwajin Shubin a Jami'ar Chicago, Tetsuya Nakamura da Andrew Gehrke ne kan gaba, suka yi amfani da CRISPR, wata dabarar yanka da gyara ƙwayoyin gado, suka kashe irin waɗannan a ɗan kifin zebra, sai siraran ƙayoyin bakin fiffikensa suka gajarce sosai. Da ana ɗauka ƙayoyin nan ba su da wata alaƙa da yatsu tunda ko irin ƙashinsu ba ɗaya ba ne, ashe umarni iri ɗaya ke gina su. Ni a ganina wannan ya fi Tiktaalik nauyi, kawai dai ba shi da hoto mai jan ido ne. Kuma ki saka rubutun 1997 da ya yi da Cliff Tabin da Sean Carroll kan burbushi da ƙwayoyin gado da gaɓoɓi.

Yaya_Babba:
Gyara biyu don kar malaminku ya ja miki jan biro. Na farko kar ki rubuta kamar shi kaɗai ya yi, akwai Ted Daeschler wanda tun suna bin gefen hanyoyin da aka fasa a Pennsylvania suke tare, da Farish Jenkins na Harvard da ya rasu a 2012, kuma sunan Tiktaalik ɗin kansa dattawan Inuit, 'yan asalin yankin Nunavut na arewacin Kanada, ne suka bayar, a harshensu sunan wani babban kifin ruwan daɗi ne, raina yana ɓaci in na ga an tsallake su. Na biyu kar ki ce Tiktaalik shi ne kakan masu ƙafa huɗu kai tsaye, ɗan dangi ne na kusa. A 2010 an ba da rahoton sawun ƙafa a Zachełmie ta ƙasar Folan da aka kiyasta ya kai wajen shekara miliyan 390, wato ya girme shi, har yau ana ta muhawara a kai.

ɗalibar_bayoloji:
Kai na gode ƙwarai Allah Ya ƙara basira, na fasa canzawa. Zan fara da hannun nan na ƙashi ɗaya ƙashi biyu sannan in shiga Ellesmere. @mai_lab_22 don Allah in kin samu lokaci ki ɗan ƙara min bayani, ƙayoyin fiffiken gajarta kawai suka yi ko wani ƙashin ne ya fito a madadinsu?