Malaman nazare, ku ma haka bayanku ke ciwo?

Malamar 'yan shekara uku:
Salamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah ina so in ji ta bakinku. Shekarata shida a ajin nan, tun bara ƙuguna ya matsa min, in na duƙa kan teburinsu ina riƙe musu hannu muna rubuta baƙi, kafin in zagaye yara ashirin miƙewa ta gagare ni sai na dafa bango. Ni kaɗai ce ko kuwa?

Wata malama:
Wallahi ba ke kaɗai ba ce 'yar'uwa. Ni 'yar kujerar nan tasu ce ta cuce ni, wadda tsayinta bai wuce santimita 30 ba, kina zaune gwiwa ta fi ƙugu tudu, baya ya lanƙwashe wuni guda. Na roƙi a ba ni kujerar manya mai gajerun ƙafafu da majingina, sai da na yi zango biyu ina bibiya kafin aka kawo, amma bambancin a fili yake.

Mai kula da ajin raino:
Ni ɗauka ce matsalata. Ɗan shekara uku ya kai kilo 14 fa, ka ɗauki mai kuka, ka ɗaga wani ya wanke hannu, ka saɓa wani a kwankwaso ɗaya kana share wa wani hanci. Ciwon ya fara saukowa daga ƙugu ta bayan cinya har tafin ƙafa kamar ana jan waya, a sashen gashin ƙashi aka ce jijiya ce aka danne. Suka koya min in tsuguna kan gwiwa, in matso da yaron jikina sannan in miƙe, ban da murɗa jiki. Yanzu ɗan matakala muka ajiye gaban famfo suna hawa da kansu.

Tsohuwar malama:
'Ya'yana ku daina danne ciwon da maganin diclofenac kullum, ni haka na yi har olsa ta kama ni. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu a 2020, ba raki ba ne, kar kowa ya sa ku ji kunyar faɗa. In ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari na zubowa ba ki sani ba, asibiti a ranar.

Malamar 'yan shekara uku:
Na gode Anti, gobe zan yi maganar kujerar. To wuyan hannu fa? Yankan kwali da almakashi ya sa babban yatsana na zugi da dare.